Wata Huɗu da Kwana Goma

Duk shekara sai an turo mini 'yan mata biyu ko uku daga Islamiyya, da sabon hijabi da jaka mai zif, wai suna son in koya musu aikin wa'azi a gidan yari. Hannu biyu nake karɓar su, don ni ma gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya. Amma tun a mota nake gane abin da ke ransu. Kowacce ta taho da labarin Annabi Yusuf a shirye, ta haddace shi har da inda za ta sassauta murya, tana jin da ta buɗe baki matan za su rushe da kuka su tuba. Ba na hana su. Barin su nake su tsaya gaban matan da suka ji labarin nan sau ba adadi, har wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kin ƙetare wurin riga." To daga nan ne muke fara karatu.

Ni ce Saude, mutuniyar Wurno. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan duk Litinin da Alhamis ina shiga ɓangaren mata na gidan yarin da ake kai mutanen yankinmu. Ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida da dogon yaro guda, sai famfo mai zuwa in ya ga dama. Matan Rabah da Goronyo da ƙauyukanmu na Wurno duk nan suke haɗuwa, kuma yawancinsu ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba ni nake zaɓen su ba, ƙofa ce ke zaɓe. Akwai wata ganduroba, Asabe, wadda ta shekara goma tana zazzage jakata kamar yau ta fara ganina. Allo yana shiga, tawada da alƙalamin kara suna shiga. Tasbaha ba ta shiga saboda zarenta, don haka da gaɓoɓin yatsu nake koya musu ƙirga. Allura da reza da madubi, kada ma ku soma. Abin da ya fi nauyi a jakar shi ne sabulu da audugar mata da man shafawa, da ɗan goro saboda tsofaffi. Ku da kuka yi karatu za ku ji haushi, amma rabin aikin nan sabulu ne. Matar da ta kwana uku ba ta sami abin wanka ba, ko da muryar wa kika zo, ba ta jin ki.

Tambayoyinsu ma ba irin waɗanda kuka shirya wa ba ne. Ba a cika tambaya ta siffar Aljanna ba. Tambayar su ita ce, buta ɗaya ga mutum goma, wa zai fara alwala? Ɗakin da bokitin bayan gida yake ciki, salla ta yi? Aurena yana nan, ko zaman nan ya kashe shi? Akwai wata 'yar Giyawa da na tarar wata bakwai tana sallar ƙasaru, raka'a biyu-biyu. Na ce baiwar Allah, don me? Ta ce, "Malama, ba an ce matahiyi shina ragewa ba in bai yi niyyar zama ba? To ni wallahi ban yi niyya ba." Na koma gida na buɗe littafi na dawo mata da amsa, amma har yau ina jin ta fi ni hujja.

Wadda ta koya mini aikin sunanta Inna Ige, Allah ya jiƙanta. Shekarata ta fari ba ta bar ni na ce uffan ba, tabarma da buta nake ɗauka. A wurinta na gane cewa babban aikin ba a cikin katanga yake ba, a tsakanin katanga da ƙauye yake. Mu ne masu kai saƙo mu kawo amsa. Aiken farko da ta yi mini zuwa ƙauyen Dinawa ne. Wata mata ta ce in dubo mata awakinta, da maƙwabciyarta mai ciwon ƙafa, da ƙananan 'ya'yanta uku, ta jero sunayensu. Na je na dawo da labarin kowa, har akuyar da ta haifi tagwaye, ina ta jin kaina. Matar ta yi godiya a sanyaye ta juya fuska bango.

Da muka fito Inna Ige ta ce, "Ɗan farin hwa?"

Na ce, "Inna, ai ba ta tambaya ba."

Ta ce, "Shi ɗai na tat tambaye ki. Wa kinka taɓa ji ta kama sunan ɗan fari ko na miji gaban mutane? In sun jera maki sunaye, ki saurari wanda ba a hwaɗi ba."

Wannan karatu na riƙe shi da kyau. Na riƙe shi har na yi suna da shi, ana cewa Malama Saude tana jin abin da ba a faɗa ba. Ku riƙe wannan yabon a ranku, don ku ga abin da na yi da shi.

Shekarar da hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga ita ce mummunar shekararmu. Ɗakunan nan biyu suka cika har ana kwana a karkace. Masu ziyara suka ɗauke ƙafa, don ba kowa ke son hawa hanya ba. Da yawa daga sababbin, zargin su ake da sayar wa mutanen daji abinci. A cikinsu aka kawo Kulu, mai fura daga Taloka, uwar 'ya'ya biyar, ta kusa hamsin. Laifinta wai wasu sun sha furarta a kasuwa, daga baya aka gane ko su wane ne. Ashe ya kamata mai fura ta riƙa neman katin shaida kafin ta dama.

Watanta na fari ta ƙi abinci, ga hawan jini, har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Abin da ya tashe ta mijinta ne, Garba, manomin albasa a fadamar Rima. Duk mako biyu yakan hau tsohon mashin ɗinsa ya zo, hanya da kyau ko ba kyau. Ina ganin su ta ragar wayar da ke raba masu ziyara da na ciki. Minti biyar ake ba su, kuma duk biyar ɗin a kan albasa suke ƙarewa: iri ya tsiro, injin ban ruwa yana tari, taki ya yi tsada. Ba ya kallon ta, ba ta kallon sa. Aure shekara talatin, ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. In ya tafi sai ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Wata Alhamis da sanyi, lokacin dashen albasa, na sauka daga mota na tarar da ƙanen Garba, Alu, yana jira na a bakin ƙofa.

Ya ce, "Inna Malama, rasuwa anka yi. Yaya Garba, shekaranjiya. Ciwon ciki na, kwana biyu ɗai."

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, na ce bari in shiga in zaunar da ita.

Ya tare ni. "A'a, don Allah, abin da yak kawo ni ke nan. Dattijan gida sun zamna, sun ce kak a hwaɗa mata. Lauya ya ce zaman da za a yi nan da mako biyu sakin ta za a yi. In ta hito ta ji cikin ɗakinta, cikin ɗiyanta. Kin san jininta."

Na ce, "Takaba hwa, Alu?"

Ya ce, "Ke ta malama. Ba ƙirga na ba? Ko ta ji ko ba ta ji ba, kwana na tahiya."

Abin haushin shi ne yana da gaskiya. A littafi, wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwa suke farawa, ko labari ya iso ko bai iso ba. Na tuna ƙarin ruwan nan, na tuna ɗakin da ko wurin kuka babu. Na ce a raina mako biyu ai ba wani abu ba ne. Na amsa masa.

Ina shiga Kulu ta karɓi jakata ta shimfiɗa mini tabarma. Bayan an gama karatu ta matso, tana gyara bakin zanenta, ta ce, "Inna Malama, ko kin ji in an yi dashe?"

Na san abin da take tambaya. Ni da Inna Ige ta koyar, ni da ake yabo. Makonsa ne na zuwa kuma bai zo ba. Na dube ta na ce, "An yi dashe, Kulu."

Kuma an yi ɗin, Alu da yaran suka yi. Na fito ranar ina yi wa kaina barka cewa ban yi ƙarya ba.

Mako biyu suka cika aka ɗage zama, alƙali ya yi tafiya. Aka sa wata rana, takardu ba su iso ba. Aka sake sawa, motar kai su kotu ta ƙi tashi. Wanda ya san gidan yari ya san cewa "nan da mako biyu" gaisuwa ce kawai, kamar a ce sai an jima. Na fi kowa sanin haka, amma ranar da Alu ya faɗa mini na karɓa kamar baƙuwa.

Ita kuwa albasa tana ta girma. Duk zuwa da tambayar da Kulu za ta yi. An ba ta ruwa? An ba ta. An yi mata noma? An yi. Ta fara kai? Ta fara. Kafin in shiga nakan bugi wayar Alu in ji halin gonar, don kada in faɗi abin da ba daidai ba. Kun ga tsoron Allah. Sau ɗaya ta matso kusa da ainihin maganar, ta ce, "Hanya ta har yanzu, ko?" Na ce hanya kam ba kyau. Wannan ma gaskiya ce.

A can Taloka aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Washegarin arba'in ɗin Litinin ce, ina ciki. Kulu tana zaune gindin dogon yaro tana yi wa wata yarinya kitso, suna dariya. Da a gida take, da tana ɗakin mijinta da tsohon zane, ba kwalli ba turare, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna zama da ita, tana yi masa addu'a bayan kowace salla. Ku 'yan zamani kuna ganin takaba kamar horo. Ga matar da ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, nan ne kaɗai ake ba ta fili ta nuna wa duniya ko wane ne shi a wurinta.

Asabe ta sani, don ita ke rubuta masu zuwa, labarin bakin ƙofa ba ya wuce ta. Wata rana tana zazzage jakata ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malama, mu da muke riƙe da mabuɗi ma, in an ɗage zama muna gaya musu." Na ce mata akwai hikima a ciki. Gaskiyar ita ce, a makon fari mutuwar Garba kaɗai zan faɗa. Bayan wata biyu sai in haɗa da cewa na sani tun tuni. Wannan na biyun nake gudu, kuma ba jinin Kulu nake karewa da shi ba.

Azumi ya kama, aka shiga cirar albasa. Ta ce, "An cire?" Na ce an cire, an jera a rudu, rumbun ajiyar albasa. Fuskarta ta washe. Na gane lissafinta: aikin gona ya ƙare, ba abin da zai riƙe shi, da Salla zai zo.

Ina da al'ada, kwana biyu kafin kowace Salla nakan kawo lalle daga Wurno, da izinin shugabar ɓangaren, in kwaɓa mu yi ƙunshi. Ranar ta fi kowace rana a shekara. Ko wadda ba ta magana da kowa takan miƙo ƙafa. A shekarar na ƙirga, saura kwana tara takabar Kulu ta cika. Na yi tunanin in fasa kawowa gaba ɗaya, na ga mata talatin za su tambaye ni dalili. Na yi tunanin in ce bai isa ba. Ina shiga na tarar da Kulu ita ce ta farko a kan tabarma, ta wanke ƙafa ta goge kaushi da dutse.

Ta ce, "Rabona da ƙumshi tun aihuwar autana. Amma bana in an zaka, kak a ishe ni kamar wadda anka tono."

Matan suka yi ta yi mata tsiya, wai amarya. Ta rufe fuska da gyale tana dariya.

Ga lalle a kwano, ga ƙafa a gabana. Nan ne ya kamata in ajiye kwanon in kama hannunta mu shiga ɗaki. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Amma na ɗebi lallen na shafa, na rufe da leda, na ɗaure da tsumma. Na iya ƙunshi, ba yabon kai ba. Ya kama ja wur, har ya fi na kowa.

Ranar Salla ta ari kwalli, ta zauna kusa da ƙofa tun hantsi. Aka kira wasu, ba a kira ta ba. Da lokacin ziyara ya ƙare ta tashi ta kaɗe zanenta ta ce mini, "Hanya ta." Na ce Allah ya gyara.

Mako uku bayan Salla aka zauna, kuma zaman bai kai minti goma ba. Alƙali ya ce babu shaida, a sake ta. Aka dawo da ita ta ɗauki ƙullin kayanta. Alu ya zo a kan mashin ɗin Garba, ya ja ni gefe ya ce, "Ke za ki hwaɗa mata, ke ta malama." Dattijan da suka zauna suka yanke shawara, ko ɗaya bai zo ba.

A wajen ƙofa na zaunar da ita, inuwar katanga. Na ba ta ruwa, na faɗa mata kai tsaye. Ta yi salati a hankali, sau uku. Ba ta faɗi ba, jininta bai yi komai ba. Ta daɗe tana kallon mashin ɗin, sannan ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Da dashe."

Ta ɗaga hannu tana ƙirga watanni a yatsu. Ta ce, "Saura kwana nawa?"

Na ce, "Ba saura, Kulu. Mako biyu ke nan da cika."

Sai na shiga bayani. Na gaya mata ba ta da laifi ko kaɗan tunda ba ta sani ba, kuma ba a ramawa, malamai sun yi magana a kai. Ban taɓa yin bayani mai kyau kamar na ranar ba. Ta bar ni har na gama, idonta a kan ƙafarta. Jan ya dushe a tafin, amma yana nan a farce.

Ta ce, "Ranad da kinka ɗaura mani wanga, kin sani?"

Na ce na sani.

"Da nika tambayak ki albasa, kin san abin da nika tambaya?"

Na ce na sani.

Ta ce, "To." Ta yi mini godiyar sabulu da karatu, ba ta rage komai ba, ta hau bayan mashin suka tafi.

Tun daga ranar, in an kawo mini labarin rasuwa a bakin ƙofa, ba na shiga da jaka ma. Ina ajiye ta wurin Asabe, in je in kama hannun mai ita. Dangi da yawa sun yi fushi da ni, wasu sun ce ba ni da tausayi. Ku ma za a roƙe ku, da kuka da haɗa ku da Allah, kuma dalilin da za a kawo muku mai kyau ne. Kullum mai kyau ne.

Bayan kwana goma Alu ya bugo mini. Kulu tana isa gida ta wuce ɗakin mijinta, ta cire kayan jikinta ta ɗaura tsohon zane, ta fara takaba daga rana ta ɗaya. Liman ya aiko cewa ba ta hau kanta ba. 'Ya'yanta suka roƙe ta, don damina na ƙaratowa, ga gonar geronta, ga kasuwa ta yi wata tara ba ta gan ta ba. Ta ƙi. Aka ce in zo, wai ni take jin maganata.

Na je Taloka da littafina a jaka. Na same ta a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta kankare farcen ƙafarta har ya yi fari. Ta sa aka kawo mini ruwa da fura, ta tambayi matan ciki ɗaya bayan ɗaya, har Asabe. Da na kai hannu jaka ta ce, "Bar shi, Inna Malama. Na ji ban da laihi. Littahi ya ƙirga mashi kwana, amma ba wanda yaz zamna mashi. Shekara talatin muna tare. Ni za ni zamna."

Ban buɗe littafin ba. Na sha furar, na yi addu'a, na kamo hanya.

Ruwa ya sauka aka yi shuka, aka yi noman fari, Babbar Salla ta zo ta wuce, Kulu ba ta taka ƙofar gida ba sai da ta cika kwananta cif. Alƙali ya duba takardunta bai same ta da laifin kwana ɗaya ba. Wata huɗu da kwana goman da ta ƙara a kulle bayan an sake ta, ni na yanke mata su, kuma don tausayi na yi.